Yadda nake koya wa ɗalibaina gyaran lotsewar mota kafin fenti

Duk ɗalibin da ya shigo wurin aikinmu a makarantar fasaha, bindigar feshi yake fara kallo. Nakan ce masa, yaro, ajiye ta tukuna, ɗauko guduma.

Ka wanke wurin da ya lotsa da sabulu ya bushe. Ka tara ƙarfen tokara ta baya, ka riƙa bugu a hankali daga bakin lotsewar kana shiga tsakiya. Shafa da tafin hannu, domin hannu na gane tudun da ido bai gani ba.

Sai ka goge tsohon fenti da sanfefa mai lamba 80 har ƙarfe ya fito fes. A nan yara suka fi yin kuskure: wajen kwaɓa fila, wato kwaɓin da ake cike ramukan da suka rage a jikin ƙarfe da shi. Hadina, wato sinadarin da ke sa fila ta daskare, kaɗan ake sawa, kamar kashi 2 cikin 100. In ka cika ta, musamman da zafin bazara, kafin ka kai hannu filar ta daskare a kan faranti. Shafa ta siriri, sau biyu ko uku. Filar da aka lafta da kauri tsagewa take yi, kuma raina na ɓaci in na ga haka a motar mutane.

In ta bushe, goge da 180, sannan 320, ka fesa firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti.

Kada ka yi feshi ba takunkumi, tururin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, na cin huhu. Da hunturu kuwa, yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. Riƙe bindigar tazarar taƙi guda daga jikin motar, kowane layi ya hau rabin na baya.