Sauya banki a Saudiyya don guje wa kuɗin ruwa

Kada ka yi gaggawar rufe tsohon asusu. Buɗe sabo tukuna a bankin Musulunci zalla, kamar Al Rajhi, Alinma ko Albilad. Za a nemi iƙama (katin izinin zama) da ba ta mutu ba, adireshin ƙasa (adireshin gidanka da aka yi wa rajista a hukumance) da lambar waya mai sunanka.

Miƙa wa wurin aikinka sabuwar lambar IBAN, wato cikakkiyar lambar asusunka wadda ke farawa da SA, ka jira albashi ya shiga sau ɗaya.

Bashi ne ke kawo cikas. Idan albashinka na jingine a tsohon banki saboda bashi, ba ya motsi sai ka biya ka karɓi takardar sallama. Katin bashi ma biya shi tas ka soke, don ɗan ragowar da aka manta kan ɓata suna a SIMAH, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane a Saudiyya. Daga nan sai rufewa.