Idan murfin besin ya ƙi tashi

Jama'a, murfin magudanar besin ɗin banɗaki da ya daina tashi ko rufewa, ba sai an kira mai gyaran famfo ba. Ku leƙa ƙarƙashin besin ɗin. Akwai siririn ƙarfe a kwance da ya shiga bayan bututu, noti ya riƙe shi. Ku ajiye bokiti, ku kwance notin, ku zare ƙarfen, murfin zai fito. Galibi gashi ne da guntun sabulu suka cunkushe shi, abin ƙyama kam. A wanke tas.

Wajen mayarwa, ku tabbatar bakin ƙarfen ya shiga ramin gindin murfin. Notin kuwa da hannu ake ɗaure shi, in an matsa sosai murfin zai cije. Ƙarfen in ya yi tsatsa, a canza shi kawai.