Kurakuran da aka fi yi wajen huɗa da zuba takin zamani

Gaskiya abin yana damuna, mutum ya zuba taki buhu-buhu a masara ko dawa amma a zo girbi ba abin kirki, sai ya ce takin ne jabu. Sau da yawa tun wajen huɗa aka yi ɓarnar.

Shiga gona da tarakta ƙasa na jiƙe sharkaf, musamman mai laka, wannan babban kuskure ne. Tayar taraktar na danne ƙasa ta yi tauri, in kuma duk shekara zurfi ɗaya garma ke shiga sai wani dandaɓe ya kafu a ƙarƙashi, ruwa ba ya ratsawa saiwa ma ba ta hudawa, ka tumɓuke masara ka ga saiwarta ta lanƙwashe gefe maimakon ta nutsa. To taki ta ina zai shiga jikinta? Ka dunƙula ƙasar a hannu kafin ka fara, in ta marmashe a shiga, in ta manne kamar danƙo a dakata. Zurfin huɗar kuma a riƙa canza shi. Gona mai gangare a gitta kunya, kar a bi gangaren, in ba haka ba ruwa ya kwashe taki da ƙasar sama gaba ɗaya. Karan da ya rage ma dan Allah a daina ƙonawa.

Sai takin yuriya, anan ne aka fi asara. Mutane na watsa ta a fili rana na duka su tafi abinsu, alhali naitirojin ɗinta, wato sinadarin da ke sa shuka girma da koren ganye, tashi yake ya bi iska in ba a rufe ba. A tona ɗan rami kamar santimita 5 daga gindin shuka, a zuba a rufe, ƙasa da danshi amma ba lokacin da ake sa ran ruwa mai ƙarfi ba. Kar ta taɓa iri ko tsiro, ƙonewa zai yi.

Wasu kuma sun ɗauka NPK da yuriya duk ɗaya ne. Buhun yuriya mai kilo 50 naitirojin kilo 23 ne a ciki, na NPK 15-15-15 kuwa kilo 7.5 kacal, amma shi yana da fosfaras da fotash, waɗanda su ma sinadaran abincin shuka ne. Fosfaras ba ya yawo a ƙasa shi ya sa ake binne NPK da wuri kusa da saiwa, wajen shuka ko cikin sati 2 na farko, yuriya ta biyo baya a masara wajen sati 4 zuwa 6, bayan an yi noma, don in da ciyawa ita za ta fara sha.

Yawan naitirojin ma matsala ne, alkama da shinkafa sai su yi tsawo ganye shar, iska na zuwa su kwanta. Kuma yuriya shekara da shekaru tana sa ƙasa tsami, in ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH ya sauka ƙasa da 5.5, wato tsamin ya yi yawa, fosfaras kullewa yake shuka ta kasa ja ko nawa aka zuba. Irin wannan gonar a kai ƙasarta gwaji tukuna, a gyara tsamin da farar ƙasa ta gona kafin a ƙara sayen wani buhun.