Yadda Za Ka Tattauna da Likita Kafin a Yi Maka Gwaji

1. Tun daga gida, ka rubuta ranar da ciwon ya fara da duk maganin da ka sha, har da na gargajiya da wanda ka saya a kemis. Ka tafi da sakamakon gwaje-gwajen baya, kada a sa ka maimaita abin da ka riga ka biya.

2. Idan likita ya rubuta gwaji, kada nauyin baki ya hana ka tambaya cikin ladabi: "Likita, me gwajin nan zai nuna, kuma sakamakonsa zai canza maganin da za a ba ni?" A nan ne da yawa daga cikinmu a Jos muke sakaci, domin da zarar zazzaɓi ya rufe mutum, shi da kansa yake neman a auna masa maleriya da taifot a haɗe. Gwajin maleriya na gaggawa, wanda ake huda ɗan yatsa, yakan fito cikin minti 15 zuwa 20, amma gwajin Widal, wato gwajin jini da aka saba yi don neman taifot, yakan nuna taifot ga wanda ba ya ɗauke da ita, shi ya sa likita kan fifita gwajin da ake rainon ƙwayoyin cuta daga jini a ɗakin gwaji don a gano ta, ko da zai ɗauki kwanaki.

3. Ka tambayi shirin da ake buƙata. Wani gwajin suga sai an yi awa 8 ba a ci komai ba, ruwa kaɗai.

4. Idan kuɗi bai isa ba, ka faɗa. Likita zai nuna maka wanda ya fi gaggawa.

5. Kafin ka tashi, ka maimaita bayanin da bakinka, ka kuma tambayi ranar karɓar sakamako.