Yadda Ake Kallon Makesu a Kewayen Kumasi

A Aboabo ko Asawase da wuya yaro ya ga makesu yanzu, sai fa ranar da aka yi dumsor, wato aka ɗauke wutar lantarki. Fitilu sun yi yawa, siminti ya cinye ciyawa. Mai son ganin ƙwaron nan mai walƙiya dole ya nemi duhu da danshi.

Fara da zaɓen lokaci. Damina ce lokacinsa, wato daga Afrilu zuwa Yuli, sai kuma Satumba da Oktoba. Duba kwanan watan Musulunci ma: daga 18 ga wata zuwa ƙarshensa wata ba ya fitowa da wuri, farkon dare kan yi duhu sosai. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, saboda haka ka yi magariba a wurin da za ka yi kallon, ka zauna har isha'i.

Sai wuri. Bakin rafi, fadama, gefen gonar koko, ko ƙauyukan gaɓar Tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 daga gari. In gonar wani ce, nemi izini tun da rana. Sa takalmi rufaffe saboda maciji, da riga mai dogon hannu saboda sauro, amma kada ka fesa maganin ƙwari a wurin.

Da ka isa, kashe tocila, ka cusa waya a aljihu. Nan ne mutane suka fi ɓata abin. Walƙiyar nan zance ne tsakanin namiji da mace: namiji na shawagi yana ƙyaftawa, macen na lafe cikin ciyawa tana ba shi amsa. Ka haska musu fitila, ka raba zancen. Idonka ma yana buƙatar minti 20 ko fiye kafin ya saba da duhu. In dole sai ka ga hanya, ɗaura jar leda a bakin tocilar.

Kada ka tsaya ga na sama kawai, duba ƙasa. In ka ga ɗan haske yana rarrafe cikin ruɓaɓɓen ganye, tsutsarsa ce. Macen na zuba ƙwai a ƙasa mai laima, bayan mako 3 zuwa 4 su ƙyanƙyashe. Tsutsar na yin watanni, wani irin har shekara 2, tana farautar dodon koɗi da tana. Daga nan ta kwanta cikin ƙasa kamar mako 2 ta rikiɗe, ta fito da fiffike. Wanda muke gani yana tashi kuwa 'yan makonni kawai yake yi a duniya. Shi ya sa ƙona ciyawa da feshin gona suka fi kamun yara yi musu ɓarna.

Yara za su so kamawa, ba laifi, ba ya cizo, haskensa ma ba zafi: sinadarin lusiferin ne ke haɗuwa da iskar oksijin a ƙarshen cikinsa. Su rufe shi a tafin hannu a hankali, ko a kwalba da ɗanyen ganye, su sake shi a inda suka kama shi kafin a kama hanyar gida.