Yadda mai rama zai yi ƙiba da abincin gida, da yawan kalorin da zai ci a rana

Mutumin da nauyinsa ya gaza abin da ya dace da tsawonsa yana bukatar ya ƙara kalori 300 zuwa 500 a kan abin da ya saba ci kullum. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. A ƙiyasi, babbar mace tana bukatar kusan 2,000 a rana, namiji kuma 2,500, don nauyinsu ya tsaya inda yake. Ke nan mace mai son ta murmure za ta nemi 2,300 zuwa 2,500, namiji kuma 2,800 zuwa 3,000. Wannan ƙarin yana cikin rumbunmu da kasuwanninmu, ba sai an je kemis ba.

Mataki na farko, a tabbatar ramar ce da gaske. Akwai siririn mutum wanda haka ginin gidansu yake, yana noma, yana cin tuwonsa, bai san ciwon kai ba. A je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a hau sikeli, a auna tsawo. Ma'aikatan lafiya suna raba nauyi da tsawo sau tsawo, in sakamakon ya gaza 18.5 sai su ce nauyi ya yi ƙasa. A sauƙaƙe, mai tsawon mita 1.60 bai kamata ya gaza kilo 47 ba, mai mita 1.70 kuma kada ya gaza kilo 53. A rubuta nauyin da ranar a takarda, a adana.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi damuna: a nemi dalilin ramar. Idan mutum yana da jikinsa, sai aka ga yana zubewa cikin 'yan watanni ba tare da ya rage ci ba, to a fara da gwaji kafin a dama fura. Tarin da ya wuce mako biyu, da zufar dare, da zazzaɓin yamma, alamun tarin fuka ne, gwajinsa da maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari tare da rama suna nuni ga ciwon suga. Akwai tsutsar ciki, akwai ƙanjamau, akwai gyambon ciki mai hana mutum cin abinci. Masu wanka da kamun kifi a fadamun Haɗeja da masu noman rani a bakin Kadawa su riƙa lura da jini a fitsari ko bayan gida, saboda tsargiya. Damuwa ma tana cinye mutum, musamman mai jego da ba ta samun barci. Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ke cinsa, ko kaza ake yanka masa kullum ba zai ciko ba sai an yi maganin ciwon.

In an gama da wannan, sai a dubi aikin da mutum ke yi. Lissafin da na kawo a sama na mai matsakaicin aiki ne. Manomin da ya wuni yana huɗa ko maimai zai iya ƙona 3,000 ko fiye, haka matar da ke daka da surfe da ɗibar ruwa a rijiya tana ƙona fiye da mai zaman ɗaki. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin kusan 500 saboda nono kaɗai, tun kafin a zo maganar ƙiba. Shi ya sa ake ganin mutane suna zabgewa da damina, lokacin da aiki ya yi yawa hatsi kuma ya ja baya.

Yanzu ga inda za a samo ƙarin. Mai ya fi komai ƙarfi: giram ɗaya yana da kalori 9, hatsi da nama kuwa kusan 4 ne a kowane giram na sitaci ko furotin. Babban cokali ɗaya na man gyada ko manja yana ba da wajen 120. Cikin tafin hannu na soyayyiyar gyada, 170. Dafaffen ƙwai, 75. Kofin madarar shanu, 150. Dabino biyar, irin na Dutse, wajen 100. Riɗi, wanda Jigawa ke lodawa a manyan motoci ana kai wa ƙasashen waje, ya kusa kai gyada ƙarfi, ga kantunsa a tiren yara masu talla.

Sai a haɗa lissafin. Da safe a zuba cokalin markaɗaɗɗiyar gyada a koko, ko a dama kunun gyada, a ci da ƙosai. Da hantsi a ci tafin gyada da dabino biyar, an samu 270 ke nan. Da rana, in ɗanwake ne ko shinkafa da wake, a ƙara cokalin mai, an kai 390. Da la'asar a sha fura da kindirmo, an wuce 500 tun kafin tuwon dare. A tuwon kuma a ɗiga man shanu a miyar kuka, a sa wake ko busasshen kifi a ciki. Kwaɗon zogale da ya ji ƙuli da mai, da awara, da alale, duk suna gina tsoka, don ba kitse kaɗai ake nema ba.

Mai rama sau da yawa cikinsa ba ya ɗaukar abinci da yawa a zama ɗaya. Kada a tasa shi gaba da malmala uku a ce sai ya cinye. A raba masa ci biyar ko shida a wuni. Ya bar cika ciki da ruwa ko shayi dab da cin abinci, ya sha daga baya. Goro da taba suna kashe yunwa, a rage su. Lemon kwalba da alewa suna da kalori, amma ba sa ɗauke da abin da ke gina jini ko tsoka.

A kula da tsabtar abin da ake ƙarawa. Gyadar da ta yi fumfuna, ta canza launi ko take ɗaci, a tsince ta a zubar, domin tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Madarar da aka tatso a tafasa ta kafin a sha.

Ina roƙon maigida ya duba yadda ake rabon abinci a gidansa. A gidaje da yawa uwargida ce ke girki, ta zuba wa maigida, ta zuba wa yara da almajiri, ita kuma ta ƙare da ƙanzo. In ita ce mai ramar, a cire nata kason tun tukunya tana cike, a ware mata ƙwai biyu daga na kajin gida kafin a kai kasuwa.

Game da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke saya gab da biki: a nisance su. Da yawansu dexamethasone ne, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka. Yana tara ruwa a jiki, fuska ta kumbura, ciki ya fito, hannu da ƙafa kuwa su sirance. Yana jawo hawan jini da ciwon suga, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ta je asibiti a rage mata a hankali.

Yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 ba a yi musu wannan lissafin. Ana auna damtsensu da ɗan tef mai launi uku, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu suka kumbura, tamowa ce mai tsanani, a kai yaron asibiti a ranar. Abincin leda da ake ba su a can magani ne na yaron, babba bai kamata ya taɓa shi ba.

Mataki na ƙarshe, a koma kan sikeli ɗaya duk mako biyu, da safe, da kaya marasa nauyi. Ƙarin rubu'in kilo zuwa rabin kilo a mako shi ake so, wato kilo ɗaya zuwa biyu a wata. In wata ya cika sikeli bai motsa ba, a ƙara kalori 200, kamar ƙwai ɗaya da cokalin mai. In an sake wata guda babu canji, ko nauyin yana ƙara sauka, a ɗauki takardar da aka rubuta awon a kai wa likita a babban asibiti.