Darasi na Bakwai: Yanka Katako Daidai Awo da Ƙaramin Injin Sassaƙa

Yawancin masu sayen ƙaramin injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, burinsu zane ne. Wani ya zaga unguwar Balad a Jidda, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ya ɗaga kai ya ga tagogin katakon nan masu ado, sai ya ce shi ma zai yi irinsu. Madalla. Amma wanda bai iya fitar da fallen katako mai kusurwa huɗu daidai awo ba, zanensa ba zai zauna a jikin komai ba. Don haka a wannan darasi babu ado. Za mu yanka ɓangarorin ƙaramin akwatin dabino, kowane falle milimita 200 tsawo, 120 faɗi.

Injin ba ya gani, ba ya awo. Lambar da kuka ba shi ita yake bi, ko daidai ce ko kuskure. Yana tafiya hanya uku: hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. A manhaja za ku ga an sa musu X, Y da Z.

Kafin a kunna

Ku duba rubutun da ke jikin injin. Ƙarfin wutar gida a Saudiyya yanzu volt 230 ne, amma akwai tsofaffin gidaje da har yau suke da layin 127, kuma injin da aka yi don kasuwar Amurka 120 yake sha. Ku tabbatar sun dace kafin ku soka.

Katako na MDF (garin itace da aka matse da gam) da filawud suna zuwa ne a babban falle, santimita 122 da 244. Wannan ba zai hau teburin ƙaramin inji ba; wanda ake kira 3018 ma santimita 30 da 18 kawai yake iya ci. Ku roƙi mai warsha, wato shagon aikin katako, ya rage muku shi da zarto, ya bar rarar kamar santimita 2 ko 3 a kowane gefe. Zarto ya fi injin sauri nesa ba kusa ba. Aikin injin shi ne gyaran ƙarshe.

In katakon itace ne zalla, kada ku yanka shi ranar da kuka kawo shi. Iskar Jidda da laima take, ɗakin aiki kuma in da na'urar sanyaya ɗaki bushe yake. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ba ta tsawo ba. Ku jingine shi a ɗakin 'yan kwanaki ya saba.

Kaurin da aka faɗa da kaurin gaskiya

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Mai shago zai ce muku filawud ɗin milimita 12 ne. Ku sa ma'aunin kauri, mai baki biyu da ke matse katako, ku auna a wuri uku ko huɗu. Sau da yawa za ku samu 11.5 ko kusa da haka. Tef ɗin awo ba zai nuna muku wannan ba. In kuka fafe gurbin milimita 12 don gindin akwati alhali katakon 11.5 ne, gindin zai riƙa rawa a ciki, kuma gam ba ya cike irin wannan giɓi da kyau. Lambar da ma'auni ya nuna ita za ku rubuta a manhaja.

Bakin yanka yana cin nasa rabo

Ku ɗauki bakin yankan a hannu ku duba shi. Yana da kauri, a ce milimita 6, kuma duk inda ya bi sai ya mayar da milimita 6 na katako gari. In kuka ce injin ya bi ta kan layin, tsakiyar bakin ce za ta hau layi, rabinsa ya ci cikin fallenku. Milimita 3 ta hagu, 3 ta dama: fallen da kuke so 200 zai fito 194. Saboda haka manhaja take tambaya ko a yanka ta waje, ta ciki, ko a kan layi. Don fitar da falle, ta waje. Don fafe rami ko gurbi, ta ciki.

Wani abu kuma: akwai baki mai milimita 6, akwai mai rubu'in inci, wato 6.35. A ido kamar ɗaya suke. In kuka sa na 6.35 kuka gaya wa manhaja 6 ne, fallen zai ragu da 0.35. Ƙari a kan haka, kowannensu da irin matsewarsa, wato abin da ke riƙe shi a jikin injin. Kada a tilasta wani a mazaunin wani.

Ɗaurewa da sa sifiri

A ƙarƙashin aikin ku shimfiɗa wani katakon banza, wanda bakin zai ɗan taɓa in ya huda. Ku ɗaure aikin a kansa da sukuru ko abin matsewa, nesa da hanyar da bakin zai bi. Ku tura da hannu. In ya motsa ko kaɗan, bai ɗauru ba.

Sai ku kai bakin kusurwar gaba ta hagu, ku sa X da Y sifiri. Don Z, ku sa takarda a kan katakon, ku riƙa sauko da bakin a hankali kuna jan takardar, har ku ji ta fara kamawa. Nan ne sifiri. Duk lokacin da kuka canza baki, sai kun sake wannan.

Kada ku nemi huda katakon a tafiya ɗaya. Ga inji matsakaici, milimita 2 a kowane zagaye ya isa, wato zagaye 6 ga katako mai 11.5, na ƙarshen ya ɗan shiga shimfiɗar. Mai 3018 ya tsaya a milimita 1 ko ƙasa. Ku kuma ce manhaja ta bar 'yan gadoji, ƙananan wurare da ba a yanke ba masu riƙe fallen. In babu su, a zagayen ƙarshe fallen zai kuɓuce, bakin ya cafke shi ya ɓata gefen, wani lokaci ma ya karye. Daga baya kwa yanke gadojin da ƙaramin zarto ku goge da samfefa.

Yayin yankan, kunne da hanci su yi aiki. In ƙananan ɓarɓashi ke fita, lafiya. In gari ne mai laushi da ƙaurin ƙuna, ko injin na tafiya a hankali fiye da kima ko bakin ya dakushe. Ku sa tabarau da takunkumi, musamman da MDF, don ƙurarsa da gam a ciki kuma tana illa ga huhu. Hannun riga mai faɗi a naɗe shi. In an kira salla, ku dakatar da aikin, ku ɗaga bakin, ku kashe injin. Garin katako yana kama wuta, kuma injin da ya maƙale ba ya sanin ya maƙale.

Da fallen ya fito, ku auna tsawo da faɗi, sannan ku auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ta ɓangare biyu. In lambobin biyu sun zo ɗaya, kusurwoyinku daidai suke. In sun bambanta, ko aikin ya motsa ko injin kansa a karkace yake, sai a duba sukurorin jikinsa kafin a ɓata katako na biyu.

Aikin gida: kuna da katako mai tsawon milimita 600, bakinku 6 ne, kuna son falle masu tsawon 200. Falle nawa za su fita? Ku rubuta lissafin a littafinku, ku kawo wa malami a zama na gaba tare da guntun katakon da kuka auna kaurinsa.